Na canza famfon mai, wutar cek injin ta kama

Mai Corolla:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, shawara nake nema. Motata Corolla ce ta 2008. Ta dinga wahalar tashi da safe, bakanike ya ce famfon mai ya gaji, aka canza shi da filtarsa. Yanzu bugu ɗaya take tashi, tana jan hanya lafiya lau. Sai dai washegari wutar cek injin, wato wutar gargaɗi da ke gaban direba, ta kama, har yau ba ta mutu ba. Kuma in na cika tanki, warin fetur nake ji ta wajen kujerar baya. Bakaniken ya ce a cire kan batir wutar za ta tafi, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don da ita nake kai yara makaranta.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a taɓa batir tukuna, zai goge lambar matsalar da motar ta ajiye, matsalar kuma tana nan daram. A sa mata kwamfuta, soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari.

Amma warin nan ya riga ya tona asiri. Famfon yana cikin tanki, ta ƙasan kujerar baya ake zaro shi, kuma akwai roba zagayayya da ke toshe bakin. In an mayar da tsohuwar, ko sabuwar ta lanƙwashe wajen ɗaurewa, tururin fetur zai riƙa fita. Motar ba ta gwada tanki nan take, sai ta ga matsalar sau biyu kafin ta kunna wuta, shi ya sa sai washegari ka gani. Ina sa ran kwamfutar za ta nuna P0455 ko P0442, lambobin da ke nufin tururin fetur na fita.

Direban Dare:
Wutar a tsaye take ko tana ƙiftawa? In tana ƙiftawa injin na tsallake wuta ne, ajiye motar. In kuma P0171 ta fito, mai bai isa ba, a auna ƙarfin sabon famfon da geji. Duba murfin tanki ma.

Mai Corolla:
A tsaye take. An sa kwamfuta, P0455 ce. Da aka ɗaga kujera, gefen robar ya leƙo waje, ƙurar wurin duk ta jiƙe da fetur. An sa sabuwa. Oga, wutar za ta mutu da kanta?

Tsohon Bakanike:
Za ta mutu bayan motar ta gwada tankin sau uku a jere ba ta ga komai ba, yakan ɗauki kwanaki. Ko a goge da kwamfutar, tunda an gyara. Ka cika tanki ka sake shinshina wurin kafin ka ɗauki yaran.