Na maƙale a fassarar waƙar Mayakovski

Salamu alaikum. Wata biyu ke nan ina fama da fassara wata waƙar Vladimir Mayakovski, mawaƙin Rasha da ya rasu a Mosko a 1930. Daga 1923 ya riƙa kakkarya ɗango, wato layin waƙa, gida biyu ko uku, ya jera su suna gangarowa kamar matakala, don mai karantawa a bainar jama'a ya san inda zai numfasa. In na bi matakalarsa, karin waƙar ya watse, kunnen Bahaushe bai ji waƙa ba. In na zuba ta a ƙwar biyu (baiti mai layi biyu) da amsa-amo (dacewar sautin ƙarshen layuka), zafin muryarsa ya mutu, alhali shi ya ja ni gare shi. Malamai, don Allah, wanne zan riƙe?