Toshe sababbin shiga a wikinmu: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai kula da shafi, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Abin da na yi satin jiya a wikinmu na garuruwan Adar, wato shafinmu na intanet da kowa ke iya gyarawa, ya tsaya mini a rai. Wani yaro ya shiga shafin Tawa ya maida sunan "Tahoua" ko'ina. Na mayar, ya sake, na mayar, ya sake. A karo na huɗu na toshe shi, wato na hana shi yin gyara, kwana 7. Sai daga baya na buɗe shafinsa na tattaunawa, inda ake bar wa mutum saƙo, na tarar da shi fayau, ko sallama ban taɓa yi masa ba. Wataƙila haka ya ga sunan a takardar haihuwarsa, a ganinsa gyara yake yi mana. Har yau bai dawo ba. Duk wanda ya taɓa toshe wani, ko aka toshe shi, don Allah ya ba mu labari.

Ɗaliba, Jami'ar Abdu Mumuni, Yamai:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni a kan harafi guda aka kusa kora ta. Na rubuta "ƴaƴa" yadda aka koya mana a lakwal, wani ya bi bayana yana maida shi "'ya'ya", ya kuma bar mini gargaɗi wai ina ɓata shafi. Alhali duka biyun daidai ne: Nijar na rubuta ƴ mai lanƙwasa, Najeriya na sa waƙafin sama kafin y. Na yi kwana uku ban taɓa wikin ba don takaici. Wata yaya ce ta rubuto mini da hannunta, ta kira ni ƙanwarta, ta ce mu kai maganar shafin tattaunawa. Can aka amince cewa salon da aka fara maƙala da shi, shi za a bi har ƙarshenta. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025 nake ganin ƴan ajinmu suna ta marmarin rubutu da ita, kuma kusan duk da wannan ƴ ɗin za su zo.

Mai gyaran waya, Yamai:
Ni ban yi komai ba aka toshe ni. Na zo in ƙara hoton kasuwa, sai saƙo ya fito wai lambar intanet ɗina tana cikin waɗanda aka hana. Masu kula, ku gane: kamfanonin waya suna raba lamba guda ga mutane da yawa, kuma tana sauyawa. In kun toshe lamba saboda mutum ɗaya, mai laifin ya kashe data ya kunna ya samu wata, mu kuma mu kwana a waje. Ku toshe asusun, ku ƙyale lambar.

Tsohon malamin makaranta, Illela:
Ƴaƴana, ina tare da ku, amma kada a maida toshewa abin kunya. Na ga wanda ya shiga shafin sarautar Adar da tsakar dare yana goge sunayen wani gida yana zuba zagi a wurinsu. An yi masa magana sau biyu, ya ƙara. Wannan ba baƙo ba ne, mai ɓarna ne, kuma na ji daɗi da aka tsayar da shi. Wanda nake tausayi shi ne mai kawo abin da ya ji a bakin kakarsa, a goge a ce ba madogara. A tambaye shi wa ya faɗa masa, a wane gari, a ajiye a shafin tattaunawa har a samu rubutaccen abin da ya goyi bayansa.

Mai kula da shafi, Tawa:
Na gode Baba. Wikipedia ta Ingilishi tana da ƙa'idar cewa kada mutum ya mayar da gyara fiye da sau 3 a shafi guda cikin awa 24, kuma ta hau kan kowa, har mai kula. Ni da yaron tare muka yi ta jan igiyar, amma shi kaɗai ya sha hukunci don maɓallin yana hannuna. Na cire toshewar ɗazu, na rubuta masa ban-haƙuri, na kuma sa a layin farko: Tawa, da Faransanci Tahoua. In akwai wanda ya san shi a gari, ya gaya masa ya duba shafinsa.