Neman shawara: jan intanet daga shago zuwa gonar kaji

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da intanet a shagona cikin gari, ina so in kai shi gonar kajina saboda kyamarorin tsaro. Tsakani kilomita 6 ne, jan waya ba zai yiwu ba. Wani ya ce in sayi na'urar da ta fi ƙarfi kawai, wani kuma ya ce na'ura mai aiki a zangon sigina na 2.4 GHz ta fi ta 5 GHz zuwa nesa. Akwai itatuwan darbejiya da ɗan tudu a hanya. Me zan saya?

Wani mai sa eriya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka fara da saye, fara da hawa. Hau rufin shagon, a ɗaga maka tuta a gonar, ka duba da madubin hangen nesa. In ba ka hango ta ba, ƙarfin na'ura ba zai cece ka ba. Ko ka hango ta ma da saura, domin siginar ba siririn zare ba ce, tana kumbura a tsakiyar hanya kamar gora. Wannan kumburin ake kira yankin Fresnel. A kilomita 6 kan 5.8 GHz (cikin zangon 5 GHz ɗin), ya kai kusan mita 9 daga layin zuwa ƙasa, kuma aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya zama babu komai. Wato sai layin ya wuce saman darbejiyar da mita 5 da ɗoriya. A 2.4 kumburin ya kusa mita 14, ga cunkoso, kowane gida da nasa Wi-Fi. Kuɗinka dai a kan dogon ƙarfen da za a ɗaura eriya zai tafi.

Wata ɗalibar injiniya:
Gaskiya ne 2.4 ta fi ratsa ganye, amma ba ratsa daji za ka yi ba, tsallake shi za ka yi. Buɗe Google Earth, ja layi tsakanin wuraren biyu, ka duba tsayin ƙasa, tudun zai fito fili. Kuma duk lokacin da nisa ya ninka, sigina na raguwa da 6 dB (ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina). Bayan an ɗaura, a yi ta karkata farantin eriyar a hankali har ƙarfin siginar da na'urar ke nunawa ya kai wajen -60 dBm.

Wani:
Malama, shi ba zai gane dB ɗin nan ba. Alhaji, sayi faranti biyu iri ɗaya, LiteBeam na kamfanin Ubiquiti ko wani na kamfanin MikroTik, shi ke nan.

Mai sa eriya:
Haka ne, amma ku tuna yanzu rani ne. Da damina ganye zai cika, ganye mai jiƙa kuma yana shanye sigina, sai ka ga abin da ya yi aiki a Maris ya mutu a Agusta. Ruwan sama da hazo ba sa damun 5 GHz sosai, tsawa ce abin tsoro. Ka binne ƙarfen da ke kai wutar tsawa cikin ƙasa, ka sa abin da ke kare wayar daga tsawa. Sola ƙarama da batir za su riƙe na'urar gonar. Ka kuma tabbatar tashar da za ka zaɓa tana cikin waɗanda hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta bari babu lasisi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Gobe zan hau rufin. Ƙarfen mita nawa kuke ganin zan nema a gonar?

Mai sa eriya:
Auna darbejiyar da ta fi tsayi tukuna, ka turo mana.