Ta yaya zan gyara gidan abincina don masu buƙata ta musamman?

Hajiya Mai Tuwo:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan abinci a Kano, shagon haya ne, tuwo da shinkafa da farfesu. Ƙofar tana da matakala biyu, ga kwata a gaba. Akwai wani bawan Allah mai keken guragu da ke sayen abincinmu, amma kullum a bakin titi yake tsayawa a miƙa masa a leda, ko rana ko ruwa. Abin yana damuna. Me zan yi wanda bai fi ƙarfina ba?

Na Kan Keke:
Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka. Ni ma a keke nake. Kafin siminti, fara da yaranki. Sau da yawa ban gama tsayawa ba sai in ji "Allah ya ba da haƙuri", alhali da kuɗina na zo. Wannan ya fi matakala ciwo. Kuma kada su ciccibi mutum da kekensa ba su tambaye shi ba.

Batun gangara: duk inci 1 na tudu yana son ƙafa 1 na tsawo. Matakala mai inci 6, gangarar ƙafa 6 ke nan. Magina sukan yi ta a tsaye kamar ta shigar da babur, ba mai iya hawa. Kada a sa tayil, santsi. Ciki kuma ki bar tebur ɗaya kusa da ƙofa ba benci, yadda gwiwa za ta shige ƙarƙashi. Wajen wanke hannu in ya yi tsawo, buta da roba sun wadatar.

Maman Biyu:
Yayana makaho ne. Abin da ke ɓata masa rai shi ne a juya wajen ɗan jagora a ce "me zai ci?" Ga shi a zaune! A faɗa masa abin da ke akwai da farashi, in an ajiye a ce miya na dama, nama na gabanka, da zafi. Canji a ƙirga masa a hannu. Kurame kuwa, biro da takarda ko hotunan abinci a bango.

Ɗan Sabon Gari:
Hajiya, ki sani akwai doka ma. Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu nakasa a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a 2024. Ki nuna wa mai shagon.

Hajiya Mai Tuwo:
Na gode ƙwarai. Mai shagon nan ko ƙusa ba ya so a buga, ban ga alamar doka za ta girgiza shi ba. Zan je wajen mai walda ya yi min gangara ta ƙarfe wadda za ta haye kwatar, a ɗauke da dare. Na Kan Keke, faɗin nawa zan ce masa? Keken mutumin irin mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu.