Bene mai ƙarfe da kankare a haɗe: yaya yake idan ƙasa ta girgiza?

Ɗan Tumfure:
Assalamu alaikum. Yayana ke gina bene hawa huɗu a Tumfure, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, ni nake kula masa da aikin. Injiniyanmu ya kawo zane: filolin bututun ƙarfe ne da za a ɗura wa kankare, bim (gimshiƙin da ke kwance a kan filoli) na ƙarfe, sai a zuba dakin, wato kankaren rufin kowane hawa, a kai. Kuɗin ya fi na rodi da kankaren da muka saba. Ya ce ko girgizar ƙasa aka yi zai fi jurewa. Mu a Gombe ina ruwanmu da girgizar ƙasa? Gaskiya ne, ko hanyar ƙara kuɗi ce?

Injiniya daga Yalwa:
Wa alaikumus salam. Bai yi maka ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyi, sai dai in aka ja shi ko aka lanƙwasa shi sai ya fashe. Ƙarfe yana lanƙwasawa bai karye ba, amma in siriri ne yakan lotsa. A cikin bututu kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri: ƙarfen ya matse kankaren kar ya tarwatse, kankaren ya hana ƙarfen lotsawa ciki. Sannan ginin ya fi sauƙin nauyi, kuma gwargwadon nauyin gini gwargwadon yadda girgiza ke jijjiga shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne mahaɗar bim da fila. A girgizar Northridge ta Amurka a 1994, gine-ginen ƙarfe da ake taƙama da su aka tarar waldarsu ta tsage daidai wannan mahaɗa, dole aka sake ƙa'idojin. A Kobe ta Japan a 1995, wasu tsofaffin benaye masu ƙarfe a cikin kankare sun rufta a hawan tsakiya. Ƙa'idar da muke bi ita ce fila ya fi bim ƙarfi, don in abu zai ba da kai, bim ya fara, mutane su samu su fita.

Abin da ya fi damuna a zanenku shi ne shagunan ƙasa. Sama cike da bangon bulo, ƙasa a buɗe sai ƙofofi, ka ga hawan ƙasan ya fi sauran rauni. Irin wannan hawan ya durƙushe da yawa a Turkiyya a Fabrairun 2023.

Mai Walda, Jekadafari:
Injiniya ya gama magana. Alhaji, ka tambayi wanda zai yi waldar. Yawancinmu ƙofa da taga muka saba. Walda a sama, a tsaye, da janareto yana ja yana saki, ba wasa ba ce. Gara a haɗa a shago, a zo wurin a ɗaure da noti. Ka kuma ƙirga ƙusoshin da ake waldawa a bayan bim, su ke riƙe dakin. In aka rage su, ƙarfe daban, kankare daban.

Hajiyar Bolari:
Ni dai kwari da zaizayar ƙasa na sani a Gombe. Ku gwada ƙasar filin tukuna kafin maganar Japan.

Ɗan Tumfure:
Hajiya, an gwada, sakamako muke jira. Injiniya, to a ajiye maganar girgizar ke nan?

Injiniya daga Yalwa:
Kar a ajiye. Haɗarin a Najeriya kaɗan ne, amma ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape a Abuja a 2018. Hawa huɗu kam, rodi da kankare ma ya isa in an yi shi daidai, a matso da ringi, wato zoben rodin da ke ɗaure rodunan fila da bim, kusa da juna a wajen mahaɗa, a lanƙwasa bakinsa digiri 135. In kuna son fili mai faɗi ba filoli da yawa da saurin gamawa, ku ɗauki na ƙarfen. Ka ce wa injiniyanku ya nuna maka zanen mahaɗar da abin da ya tanadar wa hawan ƙasa, ka ɗauko hoto mu gani.