Za a saita mana sautin masallaci daga nesa, me zan tanada?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masallacin unguwarmu a Zariya mun sa sababbin lasifika shida da na'urar DSP mai daidaita sautin lasifika, amma har yau na sahun baya ba sa gane huɗuba, sai amsa-kuwwa. Mun samu wani injiniya a Legas, ya ce ba sai ya zo ba, ranar Asabar zai shiga kwamfutata ta AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ya saita. Ni ladani ne, iyakata kunnawa da kashewa. Me zan shirya?

Mai hayar kayan sauti: Wa alaikumus salam Malam. Ka nemi makirufon awo, na liman ba zai yi ba. Akasari UMIK-1 ake sa wa, a USB ake soka shi, kuma akwai fayil ɗin daidaita shi da ake saukewa da lambar da ke jikinsa. Ka sauke manhajar REW ta auna sauti, kyauta ce. Tun Alhamis ka jona DSP da kwamfutar ka ga suna aiki tare.

Tsohon mai gyaran rediyo: Ɗana, mutumin nan allon kwamfuta kawai yake gani, hannunsa ba ya kai bango. Ka bi lasifikun ɗaya bayan ɗaya ka ji kowacce na fitar da sauti, ba ta kyarma. Ka duba wayoyin, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Ko ɗaya aka juya, sautinta sai ya riƙa danne na 'yar uwarta. Sannan ka ɗauki tef ka auna tazarar kowacce daga ta gaba, ka tura masa da hotuna. Sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka lasifikar da ke mita 17 a baya sai an jinkirta ta kamar milisakan 50 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). In ba a yi ba, na baya sau biyu suke jin kalma ɗaya. Ina zargin ciwonku ke nan.

Wata ɗalibar injiniya: Ku yi da hantsi, masallaci babu kowa. A kashe fankoki, janareta kuma in da hali a bar shi a yi da inbata. Ka ajiye tsohon saitin kafin ya taɓa komai, ka loda data isasshiya. Don Allah Malam ka cire lasifikar waje, don gwajin ƙara ce mai tashi daga 20 zuwa 20,000 Hz, wato daga mai kauri zuwa siririya, kar unguwa ta ɗauka wani abu ya faru.

Mai hayar kayan sauti: Na manta, in tayil ne a bango ga kuma ƙubba, DSP ba zai kashe amsa-kuwwar duka ba. Masallaci a cike ma sautinsa daban da wanda ba kowa. Ku yi da injiniyan zai sake shiga bayan Juma'ar farko.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Tayil kam akwai har rabin bango. Baba, yanzu na leƙa bayan ta huɗu, wayarta a juye take.