Tumatir a kan leda ba ƙasa, zai yiwu a saman gida a Jidda?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wa ya san noman nan da ake yi a kan wata leda siririya ba ƙasa? Naga bidiyo an ɗaga ledar da shukar manne a jikinta. Ina so in gwada tumatir a saman gidan da muke haya nan Jidda, amma ruwa ne damuwata, in ya ɗauke sai an kira wayit, wato tankar ruwa. Ledar naɗe abinci zata yi?

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ledar kicin kam bazata yi ba, ko ɗigo baya ratsa ta. Waccan sunanta Imec, kamfanin Mebiol na Japan ke yinta, wanda ya ƙirƙiro ta Yuichi Mori ne, dama can a fannin kayan asibiti irin matatar wankin ƙoda ya yi aiki. Ƙofofinta ƙanana ne sosai, ruwa da taki suna wucewa amma ƙwayoyin cuta basa iya bi. Ana shimfiɗa roba a ƙasa dan kar ruwa ya tsiyaye, sai ƙyalle da tiyo mai ɗigo ruwan taki, sannan ita ledar a sama, saiwa bata huda ta, bazuwa take yi a kai tana tsotsa da ƙyar, to wannan wahalar ce ke sa tumatirin tara suga ya yi zaƙi. Kamfanin na cewa tana rage ruwan da ake kashewa har kashi 90 cikin ɗari, kuma an gwada a hamadar Dubai.

Maman Ummi:
To ina ake saida ta? Ni dai a shagunan kayan gona ban taɓa cin karo da ita ba.

Mai Lambu Alkharj:
Ni a gona nake aiki, Alhaji bari in faɗa maka, ledar ba ita ce matsalarka ba, zafi ne. Tumatir in zafi ya haura digiri 35 fure yake zubarwa, balle in dare ma bai yi sanyi ba, ko kan me ka shuka shi. Gidajen shuka na nan da fanka da jiƙaƙƙen kwali ake sanyaya su, kuma da bazara ruwan da sanyayawar ke sha yakan fi wanda shukar ke sha, wannan lissafin masu bidiyo basa sakawa. Ga Jidda da gumi, kwalin ma baya aiki sosai. Shi yasa a jami'ar KAUST can garin Suwal suka koma gwada sanyayawa da ruwan gishiri. Ƙasar nan bata wasa da ruwa fa, a 2016 gwamnati ta daina sayen alkamar gida saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa na ƙarewa.

Kai dai ka bari sai Oktoba ko Nuwamba, ka samu bokiti da ɓawon kwakwa da takin ruwa, ka sa rumfa. Ruwan da mukayyif, wato AC, ke ɗigarwa ka tara shi, kusan ba gishiri cikinsa, amma ba abincin shuka a ciki sai ka zuba taki.

Baban Khadija:
Allah ya saka da alheri. Mukayyif uku ne a gidan duk a titi suke zubarwa. Takin wane iri zan tambaya a shago?

Mai Lambu Alkharj:
Kace mahlul A da B na zira'a ma'iyya, wato takin ruwa kala biyu na noma ba ƙasa. Kar ka haɗa su da kaurinsu, kowanne ka zuba shi daban cikin ruwan.